Kukan Jijiya Ta Bayan Ƙofa

Kukan jijiyar wuya ba ya kama da bugun zuciya, ko da yake daga can yake tasowa. Idan jijiyar lafiya lau take, sai a ji shi kamar zuga-zugin maƙeri daga nesa: fuu, ya lafa, fuu, ya lafa. Idan kuwa ta tsuke, sai muryar ta haura, ta sirance, ta koma fito irin na butar shayi da aka manta a kan wuta. Irin wannan fiton na ji wata Laraba da hantsi, ina tsaye a barandar ɗakin sikanin ɗinmu a Samaru, an rufe ƙofa an bar ni a waje. A ciki akwai mata biyu. Ɗaya Sista Rifkatu ce, wadda ta koya mini aiki. Ɗayar kuma Maman Nkechi ce, mai sayar da busasshen kifi a kasuwar Sabon Gari, wadda ta rantse sai an yi mata tiyata a wuya kafin mako ya ƙare. Ni ce kuma na jawo.

Na soma da wannan fiton ne saboda ku, ɗaliban da ake turo mana koyon aiki kowace shekara. Ba a kwana uku sai wani cikinku ya ce, "Anti Zulai, ashe aikin nan shafa mai ne kawai da danna maɓalli?" Ba na jin haushi. Ni ma da wannan tunanin na zo, da takardar jami'a mai kyau a jaka, da littafin da nake rubuta waƙoƙina a ƙarƙashinta. Amma ku zauna in ba ku labarin wuya guda ɗaya, sannan ku faɗa mini ko shafa mai ne.

A wuyan kowane mutum akwai manyan jijiyoyi biyu, dama da hagu, su ne ke kai jini ƙwaƙwalwa. Da shekaru, da hawan jini, da ciwon suga, maiƙo kan taru ya daskare a bangonsu, hanya ta tsuke. Wata rana ɓarɓashi ya ɓalle ya haura sama, sai a ji an ce wane ya samu shanyewar ɓarin jiki. Likitan tiyata na iya tsaga jijiyar, ya kankare maiƙon, ya ɗinke. Amma ba ya ɗaukar wuƙa sai ya karanta takardarmu. Da idonmu yake fara ganin abin da zai tarar.

Ranar da na fara aiki, Sista Rifkatu ta dube ni sama da ƙasa, ta ɗauki tawul ta rufe allon na'urar. Bazazzagiya ce, Kirista, gajeriya, da furfura kaɗan a gaban goshi. Ta daɗe tana aikin jinya kafin ta koma sikanin.

"Kin iya karatu, na gani a takarda," in ji ta. "Yanzu sai ki koyi ji."

Wata uku na yi ban ga allon nan ba. Ina riƙe da kan na'ura, wato ɗan abin nan mai kama da sabulun wanka da ake ɗorawa a fata, ina lalube a wuyan mutane, ita kuma tana leƙa allon ta ƙarƙashin tawul tana gyara ni. "Wannan jijiyar fuska ce, 'yata. Ba ki ji tana tsalle kamar ɗan akuya ba? Ta ƙwaƙwalwa ba ta yin shiru tsakanin bugu da bugu, kullum akwai ruwa yana gudu a ƙasa." In na tsaya ina sauraro har na manta da mai wuyan, sai ta taɓa kafaɗata ta ce, "Malama mai mafarki, dawo Samaru. Bawan Allah zai je ya ci abinci."

Wani tsohon direban jirgin ƙasa daga Palladan shi ya koya mini nauyin hannu. Na ƙosa in samu hoto mai kyau, na danna kan na'ura a ƙasan muƙamuƙinsa. Sai na ga idonsa na juyawa. Da na ɗaga hannu ya numfasa ya ce, "Yarinya, birki kika taka mini?" Birkin ne kuwa. Akwai wani gurbi a wurin da in aka matse shi zuciya kan rage gudu. Daga ranar Sista ta sa nake riƙe kan na'ura da yatsu uku, ɗan ƙaramin yatsana yana kwance a fatar mutum yana ɗauke nauyin. Ita ce kuma ta koya mini a jiƙa robar man sikanin a kwanon ruwan ɗumi tun da safe, domin mai mai sanyi na sa tsoho ya ɗaure wuya, wuyan da aka ɗaure kuwa ba ya ba da hoto. Ta koya mini a naɗe tawul a sa a ƙarƙashin kafaɗa. Idan mace ce, a fitar da maza, a ja labule, a jira ta cire sarƙarta ta zame mayafinta da hannunta. Ba a taɓa ja mata. "Wuya wurin kunya ne," in ji Sista, "kuma wurin tsoro. Duk wanda ya miƙa miki shi ya ba ki amana."

Kowace safiya, kafin a shigo da mutum na farko, sai ta gwada na'urar a wuyanta. Ta shafa mai a gefen hagu, ta ɗora, ɗakin ya cika da zuga-zugin nan mai daɗi, sannan ta goge ta ce, "To, ta tashi lafiya, ni ma na tashi lafiya." Mu masu koyo a kan junanmu muke gwaji, ita ma takan kwanta ta ba mu wuyanta, amma hagu kawai. In hannun wani ya zarce zuwa dama sai ta kaɗe shi tana dariya. "Kai, wannan gefen na Baban Iliya ne, ba a taɓawa." Baban Iliya mijinta ne, malamin makaranta da ya yi ritaya. Mukan yi dariya mu wuce.

Shekarata ta biyu ita ce muguwar shekara. Tsawa ta faɗi a farkon damina ta ƙone na'urar, aka yi ta jiran kayan gyara wata bayan wata. Masu ciki da masu ciwon ciki suka koma wasu wuraren, benci ya zama fayau. Amma Sista ba ta taɓa barin ƙofar a rufe ba. Duk tsohon da ya zo, sai ta ɗora abin sauraren ƙirji a wuyansa, ta rufe ido, ta tambaye shi ko hannu ya taɓa mutuwa, ko ido ya taɓa rufewa, ko harshe ya taɓa nauyi. Wanda ta ji ba ta yarda da shi ba, a ranar take rubuta masa takarda ya tafi inda ake da na'ura, wani lokaci har ta raka shi tasha. Sauran lokacin kuma ta ajiye mini wasu littattafai a gaba, irin na 'yan makaranta masu jan bango. A kowane layi akwai shekarun mace, da faɗin jijiyarta, da saurin jininta, sai kalma ɗaya a ƙarshe da ke faɗin yadda kukan yake: ruwan famfo, tsaki, numfashi, fito.

"Me ya sa mata kawai, Sista?" na tambaye ta.

"Littattafan da kika haddace ɗin nan, yawancin awon da ke ciki a wuyan maza aka yi shi. To ni ma ina nawa awon."

Na karanta su duka. Amma gaskiya kalmomin ƙarshen layi na fi kallo, har na kwashi wasu na sa a waƙa. Lambobin da ke tsakiya na tsallake su kamar yadda ake tsallake kwata.

Aikin Oga Sunday shi ne babban aiki na farko da Sista ta bar mini bayan an gyara na'ura. Mai gyaran keken ɗinki ne a Sabon Gari, a nan aka haife shi, kakansa ne ya zo daga kudu zamanin shimfiɗa layin dogo. Yana cikin kwance wani keke da safe sai sukudireba ta suɓuce daga hannunsa na dama. Ya buɗe baki zai kira maƙwabcinsa, harshe ya ƙi. Kafin a samo keke napep komai ya dawo daidai, har yana cewa a bar shi ya ƙarasa aiki, yunwa ce kawai. Matarsa, Maman Nkechi, ita ta ƙi. Ta rufe rumfar kifinta ta sa shi a gaba har asibiti, daga can aka turo mana su.

Ina ɗora kan na'ura a wuyansa na hagu fito ya tashi. A allo kuma maiƙon ya fito a yayyage, kamar katangar ƙasa da damina ta ci. Sista ta duba ta gyaɗa kai, muka aika wa Dokta Ishaya, likitan tiyatar da ke karanta takardunmu a babban asibiti. A makon aka yi masa aiki. Bayan kwanaki sai ga shi ya dawo da filasta a wuya, yana ba kowa hannu yana cewa, "An yi mini sabis, an juye baƙin mai."

Shi da matarsa cikin atamfa iri ɗaya suka zo, shuɗiya mai zanen ganye. Ashe al'adarsu ce. Fiye da shekara arba'in ba su taɓa shiga coci da kaya daban ba, duk Sabon Gari an san su da anko. Tare da su akwai babbar 'yarsu Nkechi, malamar sakandare a Kaduna, doguwa mai tabarau, wadda ke rubuta duk abin da aka faɗa a ɗan littafi. Ita ta ce tun da an zo, a duba Mama ma.

Ranar Sista ta tafi jana'izar wata 'yar zumuntar matan cocinsu, ni kaɗai ce a ɗaki. Na ɗumama mai, na ja labule, Maman Nkechi ta cire sarƙarta ta kwanta tana ba ni labarin tsadar kifi da Hausarta ta 'yan kasuwa wadda ta fi tawa gudu. Na ɗora a hagu. Fito ya tashi. Na dubi lambar saurin jini, na ga kusan ita ce ta mijinta. Dokar ɗakin ita ce ba ma faɗa wa mutum sakamako, sai Sista ta sake dubawa, sai takarda ta je hannun likita. Amma abin ya burge ni. Miji da mata, kaya ɗaya, gefe ɗaya, kuka ɗaya. Na ga waƙa tsaf a gabana.

"Ikon Allah!" na ce. "Mama, har a nan ma anko kuka yi. Irin na Baba ne sak."

Ta yi dariya har gadon ya girgiza. Can kuma dariyar ta tsaya.

"To yaushe za a yi nawa?"

Na ce likita ne zai faɗa. Nkechi ta ce in rubuta mata lambar, na rubuta, na sa hannu, na buga hatimi, ta naɗe ta sa a jaka.

Washegari Sista ta buɗe hotunan da na adana ta daɗe tana kallo. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa ɗagawa ba.

"Hannunta ya taɓa mutuwa? Ido? Harshe?"

"Ta ce lafiyarta ƙalau, Sista."

"Kin auna faɗin jijiyar?"

"Ban auna ba."

"Kin gwada da ɗaya gefen?"

Na girgiza kai. Ta kama hannuna ta ja ni bayan ɗaki inda famfo yake. Akwai tiyo biyu a wurin, mai kauri na wankin tsakar gida da siriri na ban ruwan fulawa. Ta jona mai kaurin, ruwa ya fito a natse. Ta cire ta jona siririn, ruwa ya yi tsartuwa har bango.

"Wanne ne ya toshe a ciki?"

"Babu."

"To. Lambar da kika yi wa guɗa saurin jini ce, ba girman toshewa ba. Jijiyar mace sau da yawa siririya ce tun halitta, jini na gudu a cikinta ko babu komai. Matar nan tana da maiƙo, ban ce babu ba. Amma kin ɗauki awon mijinta kin ɗinka mata riga. Ina takardar?"

"Tana wurin 'yarta."

"Je ki karɓo."

Ban taɓa shiga layin 'yan kifi a kasuwar Sabon Gari ba sai ranar. Warin hayaƙi da gishiri ya tare ni tun daga bakin layi. Na same ta a bayan tulin kifi tana kore ƙuda da kwali.

"A'a, 'yar Samaru! Kifi ko gaisuwa?"

Na durƙusa na gaishe ta, na ce na yi kuskure, takardar da na ba su ba ta cika ba. Ta ajiye kwalin.

"Jiya ne kika yi kuskuren, ko yau ne kike yinsa?"

Na roƙe ta ta ba ni takardar. Ta ce takarda na wurin Nkechi, kuma Nkechi ta riga ta yi magana da wani asibiti a wani gari, an ce su zo ranar Juma'a da shirin kwanciya. Da ƙyar, da sa bakin Oga Sunday da aka kira daga shagonsa, ta yarda za ta dawo ranar Laraba Sista ta sake dubawa. Da na koma na faɗa wa Sista, na ce ai can ma wataƙila su sake aunawa.

"Wataƙila," in ji ta. "Wataƙila kuma su ga hatiminmu su yarda. Ba na ɗora wuyan mutum a kan wataƙila."

Ranar Laraba kusan awa guda Sista ta yi a kan wuyan nan. Ta auna sama, ta auna ƙasa, ta auna dama, ta juya kan na'ura a kwance da a tsaye. Ta kira ni ta nuna mini maiƙon. A shafe yake sumul kamar daɓen siminti, ba yagewa ko ɗaya, kuma hanyar da ta rage ta fi ta mijin faɗi nesa ba kusa ba. Dokta Ishaya ya biyo ta wurinmu kafin ya wuce asibiti, domin Sista ta roƙe shi. Ya duba, ya ja kujera ya zauna gaban Maman Nkechi.

"Mama, aikin nan da na yi wa maigidanki, shi kansa yana iya jawo shanyewar da muke gudu. Duk ranar da na shiga, da wannan sanin nake shiga. Shi an riga an buga masa ƙararrawa, hanyarsa ta kusa rufewa, barinsa ya fi yanka shi haɗari. Ke kuwa ba ki taɓa jin komai ba, toshewarki matsakaiciya ce, jijiyarki siririya, ɗinkinta ya fi wuya, sau da yawa sai an sa faci. Mace irinki, abin da za ta samu a aikin kaɗan ne, abin da za ta iya rasawa kuwa babba. Magani zan ba ki, na hawan jini, da na maiƙo, da na hana jini daskarewa. Amma ki riƙe wannan. Ranar da hannu ya mutu, ko baki ya karkace, ko ido ya rufe ko da na minti ɗaya ne, a ranar za ki zo. Ba gobe ba, ba bayan an tashi kasuwa ba. A lokacin ne aikin ke da amfani, kuma ga mace amfanin ba ya jira."

Nkechi ta rufe ɗan littafinta.

"Dokta, ka yi haƙuri, amma na san wannan waƙar. Namiji ya zo, a mako guda an yi masa. Mace ta zo da lamba iri ɗaya, an ce ta je ta sha ƙwaya. Da Papa ne ke kwance a nan da tuni an ɗaura masa rigar tiyata."

Dokta ya ce ba haka ba ne, ya ƙara bayani, amma ana jiransa, ya tafi. Sista ta ce wa Nkechi, "'Yata, ba ki yi ƙarya ba. Na ga matan da aka ce wa gajiya ce, su je su huta, har abin ya kayar da su. Ki ci gaba da faɗa, ina bayanki. Amma dubi iyayenki. Yadi ɗaya suka sa, tela da awo ɗaya ya yanka musu?"

Oga Sunday ya ce, "Madam, gaskiya ne. Allurar da nake sa wa mai ɗinkin tamfol, in na sa wa mai ɗinkin leshi, yaga shi za ta yi."

"Kai ka yi shiru," in ji matarsa, "an riga an gyara naka." Ta tashi zaune tana goge mai a wuya da gefen zaninta. "Sista, bari in gaya miki. Uwata shekara shida ta yi a kwance a gidanmu na layin dogo, ba magana. Ni nake juya ta, ni nake ba ta koko da cokali, tana kallona tana hawaye. Yarinyar nan ta sa na ji kukan abin nan da kunnena. Tun ranar, in na kwanta ina jin sa, in ina ciniki ina jin sa. Yanzu kuna cewa in tafi gida da shi a wuya in riƙa shan ƙwaya? A cire shi. In mutuwa ce in mutu a kan tebur, ba a kan tabarma ba."

Sista ta dube ta, ta daɗe.

"Ku ba mu wuri," in ji ta. "Har ke, Zulai."

Haka muka fito baranda, ni da Nkechi da Oga Sunday, aka rufe ƙofa. Masu keke napep na ta hon a titi, ɗalibai na wucewa da surutunsu. Sai na ji an kunna na'ura. Fito ya tashi, siriri, mai tsawo, ya ma fi wanda na ji a ranar farko kaifi. Na ce a raina, me ya sa Sista za ta sake jiyar da ita abin da ke hana ta barci? Aka daɗe ana fiton. Aka kashe. Sai ƙus-ƙus da ba na iya rarrabewa, sai can muka ji dariyar Maman Nkechi, irin wadda ke girgiza gado.

Ta fito tana ɗaura sarƙarta. Ta miƙa wa 'yarta hannu. Nkechi ta buɗe baki, uwar ta ce, "Ba ni." Ta karɓi takardata ta miƙo mini.

"'Yar Samaru, da hannunki kika rubuta, da hannunki za ki yaga."

Na yaga ta gida huɗu. Ta juya ga mijinta ta ce, "Oga, tashi mu je a rubuta mini ƙwayoyin. Wannan ankon kai kaɗai za ka sa."

Na tambayi Sista me ta gaya mata. Tana wanke kan na'ura ta ce, "Maganar mata ce. Ɗumama mai, akwai mutum a benci." Ba ta sake tayar da zancen kuskurena ba. Sai dai washegari na tarar da littattafan nan masu jan bango a kan teburina, wannan karon kuma lambobin tsakiya na karanta, layi bayan layi. Tun daga lokacin ban sake rubuta saurin jinin mace ba tare da faɗin jijiyarta a gefe ba, ban kuma sake buɗe baki a gaban mai wuya ba sai don in ce ya juya kai. Shi ya sa in kun ga na rufe muku allo da tawul, ba mugunta ba ce.

Maman Nkechi takan zo duk wata shida. Mu auna, mu gwada da na baya, ta karanto mana alamomin nan uku kamar karatun allo, hannu, baki, ido, ta ƙara da cewa, "A ranar, ba gobe ba." Har yau hanyar ba ta ƙara tsukewa yadda za a ce a taɓa ta ba.

Bara Sista Rifkatu ta ajiye aiki. Tana Palladan tana kiwon kaji, tana waƙa a zumuntar mata, tana faɗa da Baban Iliya a kan rediyo. Ta bar mini ɗakin da littattafan. Bayan 'yan watanni na shiga layin 'yan kifi sayayya, Maman Nkechi ta hango ni.

"'Yar Samaru! Ina 'yar'uwata mai fito? An ce ta bar aiki?"

Na ce ta bari. Na ce wace ce mai fito kuma?

Ta dube ni, ta ajiye kwalin kore ƙuda, ta tuntsire da dariya.

"Au, har yau ba ki sani ba? To tun da ta bar aiki alkawari ya ƙare. Ta ce kada in faɗa, kada ku riƙa kallonta kamar ƙwai. Ranar nan da ta kore ku waje, kina tsammani wuyana ta sa wa abin? Nata ta sa. Ta zame ɗankwali, ta shafa mai, ta kama hannuna ta ɗora a kan nata, muka riƙe tare. Ta ce, 'Ji nawa. Ya girmi naki da shekara goma. Da shi nake zuwa aiki, da shi nake waƙa a coci, da shi na aurar da Iliya. Ƙwayata uku da safe, kuma na san hanyar asibiti.' Na ce mata, Sista, ai naki ya fi nawa iya waƙa."

Da na koma ɗaki na ɗauko littafi na farko cikin masu jan bango, na buɗe shafin farko. Layin farko ba shi da suna. Shekaru arba'in da bakwai, da faɗin jijiya, da saurin jini, sai kalmar ƙarshe, fito. A gefe ta rubuta: wuyan dama.